Ranar da Na Yi wa Teku Rakiya

Daren jiya mafarki ya kwashe ni ya kai ni wani ƙauye a bakin teku, ni da ko kogin kirki ban taɓa hayewa ba. Tekun ya kutso cikin ƙasa kamar bakin ƙwarya. Kullum yakan janye ya bar fili na taɓo, mutane su shiga kamun ƙaguwa, sannan ya dawo.

Na tarar ana taro a gindin bishiya. Wani zalɓe ne shugaba, yana tsaye da ƙafa ɗaya don kada a ce ya fi son wani ɓangare. Mata na nan, masunta na nan, ƙaguwoyi ma sun zo, duk wanda ya yarda da magana sai ya ɗaga hannu. Ƙaguwoyi sun fi kowa hannuwa, amma ba wanda ya yi ƙorafi.

Aka yanke cewa taɓon gabas zai huta bana, ba mai taka shi. Wata tsohuwa, Gwaggo Tasalla, ita ke kula da shi, don can 'ya'yan kifi ke kwana a ƙananan kududdufai kafin ruwa ya dawo.

Zalɓe ya dube ni ya ce, "Baƙo, yau kai za ka raka Teku. Gida-gida muke yi. Ka kai shi wajen turken can, ka juyo."

Sai ga ni ina tafe, Teku na gefena yana jan rigarsa. Muka gaisa, na tambaye shi iyali. Da muka kai turke na ga ai rashin tarbiyya ne a bar babba a nan. A gidanmu baƙon da ya zo daga nesa har tasha ake kai shi. Na wuce turken, ina jin daɗin kaina.

Muka yi ta tafiya. Aka soma yayyafi daga ƙasa zuwa sama, taɓo na ta bushewa a bayanmu.

Sai ga Gwaggo Tasalla a gabana tana haki, da ɗan kifi a tafin hannunta yana buɗe baki.

"Ɗan nan, ina za ka kai mana shi? Kududdufaina sun kusa ƙafewa!"

"Gwaggo, rakiya nake yi."

"To, in ba ka tsaya ba, ta yaya zai juyo?"

Na ja na tsaya. Teku ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Wallahi tun a turke nake so in koma. Na ga kana ta ɗawainiya, kunya ta hana ni magana."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ba komai. Mu je in taka maka."

Muka juyo, ina gaba, yana lasar dugadugaina. Na so in ruga da gudu, amma ba a gudu a gaban babba. Jama'ar ƙauye sun jeru a bakin gaɓa. Gwaggo ta riga mu isa, ta durƙusa a gefen taɓon gabas tana yi wa 'ya'yan kifi inuwa da gyalenta. Saura taku kaɗan ruwa ya taɓa kududdufin farko.

Sai na ji famfon tsakar gidanmu yana tari, yana tofa ruwa cikin bokiti. Na farka. Matata ta ce in tashi in tara kafin a ɗauke. Na tashi na riƙe bokitin, raina duk babu daɗi, don na baro su ban ga ko ruwan ya kai ba.