Sai Kunkuru Ya Duba

Shekara bakwai Injiniya ta yi tana aiki da mutumin da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Ba wata injiniyar takarda ba ce. Yayarta ce ta laƙaba mata sunan tun ranar da ta kwance rediyon gidansu ta kasa mayarwa, sunan kuwa ya bi ta har wurin aiki. Da rana tana kula da kwamfutocin wani kamfanin ɗab'i, inda rabin aikinta shi ne cewa mutane su kashe su sake kunnawa. In ta dawo da la'asar, sai ta ture tarkacen ɗinkin Yaya zuwa gefe ɗaya na teburin falo, ta buɗe kwamfutarta kusa da keken ɗinkin, ta zauna kan abin da ranta ke so. Wata manhaja ce ta kyauta da ƙananan ɗakunan karatu ke amfani da ita wajen ba da aron littattafai. Buɗaɗɗiya ce, kowa na iya leƙa cikinta, ya gyara, ya ɗauka ya yi gaba. Masu kawo gyara suna da yawa, su zo su wuce, amma masu riƙe da makullinta, wato masu ikon karɓar gyara, biyu ne, ita da Kunkuru.

Kunkuru ne ya fara rubuta manhajar tun Injiniya na firamare. Sunan da ya ba kansa ke nan a shafin aikin, kuma inda mutane ke liƙa fuskarsu shi hoton kunkuru ya liƙa. Sunan ya kama shi, don in ka aika masa saƙo yau, jibi za ka ga amsa, ita ma layi biyu. Abin da ta sani a kansa bai cika tafin hannu ba: tsoho ne, ya yi ritaya daga ɗakin karatu a wata ƙasa mai nisa, yana da 'ya ɗaya, kuma ba ya son aikin gaggawa. Gyaranta na farko sau goma sha ɗaya ya dawo mata da shi. Ta yi fushi, ta yi kuka, ta rantse ta bar masa kayansa, washegari ta aika na goma sha biyu. Duk abin da ta iya a wannan sana'a daga hannunsa ta koya, kuma ko godiya ba ta taɓa yi masa baki da baki ba.

Suna da doka ɗaya da ba su taɓa karyawa ba. Ba mai shigar da aikin hannunsa cikin manhajar sai ɗayan ya duba ya rubuta "Ya yi." Ko waƙafi ne ka sauya, sai ka jira. Shi kansa Kunkuru, da ya kafa abin, jiranta yake yi.

Akwai wani babban taro na masu irin wannan manhaja da ake yi duk shekara a birnin da ke kusa da shi. Kullum yana zuwa, ba don ya yi jawabi ba, sai dai ya sami tebur a lungu ya zauna yana gaisawa da mutane. Albashin Injiniya ba zai kai ta can ba ko da ta daina cin abinci. Amma duk wanda aka karɓi jawabinsa, masu taron ne ke ɗauke masa tafiya da masauki. Wannan ce kaɗai ƙofar da take gani, ta kuwa tsaya a bakinta ba ji ba gani. Tana da littafi mai jan bango inda take rubuta kowane taro, ranar da za a buɗe karɓar takardun masu son magana da ranar rufewa. An ce mata masu zaɓe sun fi son wanda ya taɓa tsayawa gaban jama'a, sai ta shiga farautar wurin tsayawa. Ta yi magana a wani shagon shayi gaban mutum tara, biyu daga cikinsu lemon kyauta ya kawo su. Ta yi wata ta intanet, tana tsakiyar bayani layin ya ɗauke, ta yi minti shida tana yi wa bangon falo lacca. Babban taron kuwa sau uku ta nema, sau uku suka amsa mata da ladabi cewa masu nema sun yi yawa. Ko sau ɗaya ba ta gaya wa Kunkuru ba, don kunya take ji.

A bana sai ya rubuto a ƙarshen wani gyara, kamar abin da ba shi da muhimmanci, cewa idanunsa sun fara gajiya, wannan taron shi ne zuwansa na ƙarshe. Injiniya ta karanta ta yi zugum har Yaya ta tsayar da keke ta tambaye ta ko rasuwa aka yi. Kewar mutumin da ba ta taɓa gani ba ce ta danne ta. So take ta zauna a wannan teburin na lungu ko na rabin sa'a, ta ji ko muryarsa kauri gare ta ko siririya, ta ga ko yana dariya.

Ta zauna ta rubuta takarda ta huɗu, wannan karon a kan su biyun: yadda mutum biyu da ba su san juna a ido ba suka riƙe manhaja ɗaya shekara bakwai. Ta yi kyau, ita ma ta sani. Sai wani tunani ya zo mata, irin wanda ba zai zo wa kowa ba sai ɗan wannan sana'a. Ukun da suka faɗi, ai ba wanda ya duba mata su. Aikin da ba a duba ba yaya zai wuce? Saboda haka ta haɗiye kunyarta, ta ɗora takardar a shafin aikinsu kamar yadda take ɗora kowane gyara, ta rubuta masa ranar rufewa, ta nemi ya duba. Saura kwana goma sha biyu.

Kwana uku shiru, ba ta damu ba, halinsa ne. Kwana shida, ta fara duba waya ko a bakin famfo. Kwana tara, ta ƙara masa saƙo mai ladabi, ta goge, ta sake rubutawa, ta aika. Yaya da ke kallonta da allura a baki ta cire allurar ta ce:

"Wai ni Injiniya, takardar nan sunan wa za a sa a kai, naki ko na tsohon?"

"Nawa, Yaya."

"To ki tura mana. Ni in na gama riga ba na jiran wanda ya koya mini ɗinki ya zo ya shinshina ta."

Injiniya ta yi mata bayanin dokarsu tiryan-tiryan. Yaya ta ce ita dai ba ta ga doka ba, tsoro ta gani sanye da rigar doka. Maganar ta yi wa Injiniya zafi, don akwai gaskiya a ciki. In ta tura ita kaɗai aka ƙi, ita ce ba ta isa ba karo na huɗu. In kuwa ya ce ya yi, ko an ƙi, tana da abin riƙewa.

Ranar Alhamis ƙarfe huɗu na yamma za a rufe. Ta yi wa kanta alkawari in uku ta buga bai amsa ba za ta tura. Uku ta buga tana ofis, injin ɗab'i na ruri a bayan bango, ta ce bari ta ƙara masa rabin sa'a, wataƙila yanzu gari ya waye a wurinsu. Da rabi ta ƙara masa kwata. Saura minti goma sha biyar ta yi ta maza ta buɗe fom ɗin, sai ta tarar bana sun ƙara tambayoyi: taƙaitaccen tarihinta, hotonta, jawabin a jimla uku, da tsarin yadda za ta raba mintocinta. Ta shiga cikewa da sauri. Hoton ya yi nauyi, ta rage shi, ya ƙi hawa, ta sake. Da ta danna aikawa, shafin ya gode mata da sha'awarta, ya ce an rufe minti huɗu da suka wuce.

Ta rubuta wa masu taron tana roƙo. Suka amsa washegari cewa suna jin ta, amma in suka buɗe wa ɗaya sai sun buɗe wa ɗari. Yaya ba ta ce "ai na faɗa miki" ba, wanda a wurin Yaya babban ƙoƙari ne. Ta dai kwashe yadikanta daga teburin gaba ɗaya ta bar mata shi.

Ranar Litinin amsar Kunkuru ta zo. 'Yarsa ce ta rubuta. Ta ce an yi wa babanta aikin ido mako biyu da suka wuce, likita ya hana shi kallon allo, shi kuma ya hana a gaya wa kowa don ba ya son a yi masa sannu. Jiya ta buɗe masa shafin tana karanta masa saƙonni, da suka iso kan takardar ya sa ta karanta sau biyu. Sauran saƙon abin da ya ce ta rubuta ne, kalma da kalma.

Ya gyara wa Injiniya wuri biyu a takardar. A ɗaya ta ce shi ya koya mata komai, ya ce ta goge, ba daidai ba ne, shekara uku ke nan ita ke kama kuskurensa fiye da yadda yake kama nata. A ɗayan ta rubuta shekarar da aka fara manhajar ba daidai ba. A ƙasa kuma aka rubuta:

"Ya yi. Da ma ya yi tun kafin in gani. Na sa a nema mini kujera a layin gaba, don yanzu daga nesa ba na gane mutum. Sannan na sa an mayar da makullin duka hannunki. Daga yau ba sai kin jira ni ba."

'Yar ta ƙara layi ɗaya nata, cewa tun jiya yake tambaya ko an sanar da ranar jawabin, yana son ya san rigar da zai sa.

Injiniya ta ɗora hannunta a kan maɓallan kwamfutar. Yaya ta zo ta tsaya a bayanta, ta karanta, ta dafa kafaɗarta. Dole a gaya masa, kuma 'yarsa ce za ta karanta masa da baki. Injiniya ta rubuta cewa ba ta tura ba, ta tsaya jiransa har aka rufe, ba za ta zo ba. Ta karanta sau uku tana neman inda za ta sassauta, ba ta samu ba. Ba kuma wanda zai duba mata. Ta aika.