Mai Tanki Bai Samu Canji Ba

Mai Tanki ya rasu ranar Talata da hantsi a asibiti, bayan ciwon ƙafarsa ya shiga jini. Maƙwabcinsa makanike ne ya kai shi, kuma shi kaɗai ya san abin da ya sa suka makara.

Marigayin yana aiki ne a masana'antar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Shi ke kula da tankin da ake kiwon wasu ƙwayoyin halitta masu fitar da maganin. Ya sha yi wa makanike bayani a bakin gareji.

"Da farko lamo suke yi, sai su hau haihuwa. Idan abinci ya ja baya, a nan suke ba da magani. Aikina in riƙe su a nan: abinci na ɗiga, magani na fita. Ka ƙosar da su, su sangarce. Ka manta da su, su mutu."

"Kamar yarana ke nan," in ji makanike.

Tankin ba a kashe shi, ba a kuma barinsa sai wani ya karɓa. Ranar Asabar ƙafar ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Makanike ya je ɗaukarsa a babur. Ta tagar ɗakin aikin ya ji shi yana waya da Dogo, abokin aikinsa da shi Mai Tanki ya koya wa sana'ar, muryar Dogo na fitowa a fili.

"Ƙanena, zo ka karɓe ni, ƙafar nan ta ƙi."

"Yaya, ga ni nan tafe. Kada ka motsa."

Har rana ta faɗi Dogo bai zo ba, wayarsa a kashe. Mai Tanki ya kwana a gaban tankin, ƙafarsa bisa bokiti.

A zaman makoki Dogo ya durƙusa gaban matar marigayin.

"Wallahi, Anti, da ya gaya mini, da gudu zan zo."

"Haka yake, ba ya faɗin ciwonsa," ta ce. Ta ɗauko rigar aikin mijinta a ninke ta miƙa masa. "Kai ya fi so."

Makanike na tsaye a bakin ƙofa. Dogo ya zo wucewa ya miƙo hannu. Makanike ya duƙa yana gyara takalman masu gaisuwa har Dogo ya wuce.

Har yau matar ba ta tambayi makanike abin da ya sa suka makara ba. Kullum da safe Dogo na bi ta gaban garejin sanye da rigar, hannunta ya yi masa gajere.