Kar-a-tashe-ni

Da gudu-gudu Hasiya ta kutsa shago na goma sha ɗaya a kasuwar Shahe ta ƙasar Sin, mayafinta na jan ƙasa. Gobe bizarta ke ƙarewa, kuma saboda wasannin Olamfik ba a sabunta mata ba. Ƙarfe huɗu Barmo, ejan ɗinta ɗan Maraɗi, zai rufe kwantena, ko da kayanta ko babu.

Nan ta ga wata shimfiɗa: zanin gado, bargo mai laushi, rigunan filo huɗu. Mai shagon, wata 'yar Sin mai kalkuleta a wuya, ta yi mata bayani da guntun Turanci. Wani Bature daga Galisiya ta ƙasar Sifen ne ya sa aka ɗinka, shi kuma bai samu bizar zuwa ɗauka ba. Saiti ɗari uku, da suna cikin yarensu a jiki.

Hasiya ta kira ƙanenta Illa a Kantin Kwari, ta yi ta kokawa da sunan.

"Yaya, wannan ai tari ne, ba suna ba. Kin san Kwari, kaya in ba su da suna ba sa tafiya."

"Bari dai in gwada in ji."

Ta hau gadon talla, ta yi matashi da jakarta. Kwana uku rabonta da barcin kirki.

"Hajiya! Ke Hajiya!"

Barmo ne tsaye a kanta, dariya har da riƙe ciki. Uku da rabi. Ƙofar shago cike da 'yan Sin da 'yan Kano.

"An ce da aka taɓa ki, cewa kika yi kar a tashe ki!"

Ta diro ta dubi kantoci, wayam. Duk wanda ya ga mace na minshari a tsakiyar wannan hayaniya sai ya saya.

"Meyo," in ji mai shagon, wato babu. Sai kuma ta ƙyalƙyale da dariya, ta yaye labule. Saiti ɗari ta ɓoye mata.

Huɗu saura biyar aka tura dilar ƙarshe cikin kwantena. Hasiya na haki wayarta ta yi ƙara.

"Yaya, bar waccan mai tarin!" in ji Illa. "Alhaji Babayo, maƙwabcinmu a Kwari, ya bugo wa yaransa daga can, wai an yi sabuwar shimfiɗa, Kar-a-tashe-ni. Wata ce ta kwanta a kai ta sheme a tsakiyar kasuwa. Ki nemo ta ko nawa ce!"

Hasiya ta harari Barmo, ta gyara ɗankwali.

"Ya faɗi sunan matar?"

"A'a."

"To, zan duba," ta ce.