Haƙarƙarin da Dusik Yake So

Tun ranar Juma'a Bokrye ta jiƙa haƙarƙarin saniya a miyar waken soya da tafarnuwa da man riɗi, ta gurza tuffa a kai don naman ya yi laushi. Surukinta Dusik ne zai zo daga Seoul da jikarta Soyul. Tun rasuwar 'yarta Haeran bai taɓa fashin ziyararta a Suwon ba duk lokacin bikin kaka.

A saman bene ta hura gawayi. Dusik ya karɓi mafici yana fifita, ita tana jera naman a kan raga, kitse na ɗiga yana tsartsatsi. Soyul kuwa ta tafi neman magen maƙwabta.

"Ka rame," in ji Bokrye. "Ko a Seoul an hana cin abinci ne?"

Bai yi dariya ba. Ya ajiye maficin.

"Mama, akwai maganar da na zo da ita. Zan yi aure."

Ta juya naman, ta ɗauki almakashi ta shiga yanka shi daga jikin ƙashi, ƙanana ƙanana yadda yake so.

"'Yar ina ce?"

"'Yar Busan. Can za mu koma, can aikinta yake."

"Soyul ta san ta?"

"Sun saba. Har ta fara ce mata Mama."

Nan hannun Bokrye ya tsaya. Wani yanki ya ƙone tana kallo. Ta daɗe da sanin ranar nan za ta zo, har ta sha ce wa ƙawayenta yaro ne, bai kamata ya tsufa shi kaɗai ba. Ashe faɗa ce mai sauƙi.

Ta naɗe nama a ganyen latas ta miƙa masa.

"Ci tun da zafi. Ba ka yi laifi ba."

Ya karɓa da hannu biyu.

Da za su tafi ta juye ragowar ɗanyen naman a kwano mai murfi, ta ɗaure da ƙyalle.

"Ka kai wa wadda za ka aura. Kada ta cika wuta, yana saurin ƙonewa."

Soyul ta ɗaga mata hannu ta tagar mota. Da baɗi ta zagayo, waya suka yi mata, wai hanya ta yi cunkoso, ba za su samu zuwa ba. Ta ce ba komai, ta ce a ba ta yarinyar su gaisa.