Hancin Dutsen da Inna Ta Karya

Shekara ashirin da shida Inna ta yi tana shara a ofishin masu shirya tafiye-tafiye, amma ita kanta ba ta taɓa zuwa inda motar haya ba ta kai mutum ba. Ranar da ta ajiye tsintsiya, Manaja ta kira ta gaban ma'aikata ta miƙa mata ambulan. A ciki akwai tafiyar mako guda zuwa tsibirin nan da ofishin ya fi tallatawa, ita da duk wanda ta zaɓa, amma sai an yi ta kafin shekara ta fita. Inna ta yi godiya har da hawaye, ta dawo gida ta cusa ambulan ƙarƙashin katifa, ta ce ba inda za ta.

Na san dalili. Wata guda kafin nan likita ya ce mana hawan jinin ido ya ci mata fiye da rabin gani, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Da safe tana ganin abin da ke gabanta sosai. Da rana ta karkata sai komai ya fara dusashewa daga gefe, kafin la'asar sakaliya sai dai ta gane mutum da muryarsa. Likitan bai faɗi ranar da sauran zai tafi ba, sai dai ya ce, “In akwai abin da Baba take son gani, kada a jinkirta.”

Ni ce 'yarta ta fari, a kemis nake aiki, kuma ban iya barin abu ya tafi yadda ya ga dama ba. Tun ina ƙarama Inna take kira na Sau-uku, wai komai a wurina sau uku a rana ne, bayan cin abinci. Don haka da ta ce ba za ta ba, ban yi musu da ita ba. Na sayo babbar takarda, na ɗauko rula na ja layi bakwai, na kwashe mako biyu ina tono a waya. Kowace rana na cika ta maƙil, daga ƙarfe shida zuwa ƙarfe shida, har lokacin ɗiga mata maganin ido sai da na rubuta da jan biro.

Wata Alhamis da yamma na shimfiɗa takardar a tabarma kusa da ita, tana tsintar wake da laluben yatsa.

“Inna, saurara ki ji. Ranar farko kasuwar bakin teku. Rana ta biyu gonar kayan ƙamshi. Rana ta uku, ƙarfe biyu, mu hau babban dutsen.”

“Ƙarfe biyu?” Hannunta ya tsaya a cikin faranti. “Wa ya ce miki ana hawa dutsen nan da ƙarfe biyu? Girgije ne zai rufe ki, ko tafin hannunki ba za ki gani ba.”

“Haka aka rubuta a waya.”

“Wayar ta taɓa hawa?”

“To ke da ba za ki ba, ina ruwanki?”

Na faɗa ne don in tsokane ta, amma da na ga ta sunkuyar da kai sai na ji kunyar kaina. Can ta ce, “Sau-uku, ki ɗauki mijinki ku je. Me zan je in yi? A tsayar da ni gaban teku a ce Inna ga teku, in ce to? Gara wanda yake cikin kaina, shi ba ya dusashewa.”

Na naɗe takardata. Haushi nake ji, tsoro kuma ya fi haushin yawa.

Washegari Manaja ta buga mini waya. Ta ce dole ta san ranar tafiya kafin Asabar, in ba haka ba babu sauran wuri a jirgi. Ta ƙara da cewa gyaran ofis ma ya hana ta sakat, don gobe za a fitar da tsibirin tebur, wato samfurin tsibirin da aka gina a ofishin, a kafa allon talabijin a wurinsa. Na saka wayar a sifika ne, Inna na daga ƙofar ɗaki.

“Za a fitar da me?” in ji Inna.

“Tsibirin tebur, Baba. Ya tsufa, fentin duk ya koɗe.”

Inna ta miƙe. Ta laluba ƙusa ta ciro mayafinta, ta ce in nemo mana mota.

Na sha ganin tsibirin tebur ɗin ina yarinya, in na kai wa Inna abinci. Wani gini ne na farar ƙasa a tsakiyar ofishin, faɗinsa ya kai gadon mutum biyu, da duwatsu da koguna da bishiyoyin kwakwa na waya, teku kuma shuɗin fenti ne da aka shafa wa mai. A idona kayan ado ne kawai, irin wanda ke tara ƙura. Mun isa ƙarfe huɗu ta wuce, lokacin da idon Inna ya riga ya gaji. An tattara kujeru gefe guda, bokitan fenti a ƙasa, masu fenti na ta aiki, Manaja na tsaye da takardu a hammata.

Inna ba ta nemi a riƙe ta ba. Ta ƙirga takunta daga ƙofa, ta kai hannu, tafinta ya sauka daidai kan tashar jirgin ruwa. Sannan ta rufe idon gaba ɗaya.

“Nan ake sauka,” ta ce. “Kowa ya dawo cewa yake tun kafin a ga ƙasa ake jin ƙamshin kanumfari a iska. Kada a kwana a nan, akwai hayaniya. A bi hanyar hagu, teku na hannun dama.”

Yatsanta ya bi wani siririn layi ya tsaya.

“Wannan gadar, ruwa na rufe ta sau biyu a yini, ya kuma buɗe ta da kansa. Wani malamin makaranta ya zauna a kujerar can, yana ba da labari har muryarsa na rawa. Ya ce ya ga teku ya tattara kansa ya ja baya, kamar an naɗe tabarma, mutane suka bi ta wurin da kifi yake iyo ɗazu. Ina goge gilashin taga, sai da na tsaya.”

Ta ci gaba. Ta nuna inda ruwa ke zubowa daga saman dutse, ta ce ana jin rugugin a ƙirji tun ana nesa, kuma feshinsa na jiƙa mutum kafin ya iso. Ta nuna wani lungu da yashinsa baƙi ne, da wani da kunkuru ke fitowa su haƙa rami, manya har mutum biyu ba sa iya ɗaga ɗaya. Ta san gefen da ruwan sama ke fara sauka, da ƙauyen da ake tsayawa a sha ruwan kwakwa, da kogon da in ka yi magana a hankali sai ya mayar maka da ita sau huɗu. Babu ko ɗaya da ta karanta. Shekara ashirin da shida matafiya na dawowa suna zuba labari a gaban teburin nan, ita tana bayansu da tsumma, ba wanda ya lura tana kwashewa.

Masu fenti sun ajiye burushi. Manaja ta sauke takardun da ke hammatarta. Ni kuwa sai na ga tsibirin ya cika ɗakin, kuma matar da nake ɗiga wa magani kamar jaririya ita ce take ja mana gora a cikinsa.

“Baba,” in ji Manaja a hankali, “sau tara na je wurin nan, wallahi ban san rabin abin da kika faɗa ba.”

“Ke aiki ya kai ki, ranki ya daɗe. Ni saurara kawai nake yi.”

Sai yatsanta ya gangara can kudu, inda wani ɗan hancin dutse ya miƙa cikin teku. Nan ya tsaya bai ƙara motsi ba. Na ga fuskarta ta canza.

“Manaja, tunda gobe za a zubar, bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa mahaifinki ba lokacin yana kujerar nan. Wannan wurin ba na mai ginin ba ne. Nawa ne.”

“Naki kamar yaya?”

“Watana biyu da fara aiki, sandar tsintsiya ta buge shi ya farfashe. Ga Sau-uku tana goye, ga babanta ba lafiya, in aka kore ni ina za mu? Na samo farar ƙasa na kwaɓa, na gina shi da yatsana kafin a buɗe ofis, na shafa koren fentin ƙofa. Ban tuna yadda yake ba, yadda na ga dama na yi shi.” Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani ɗan gutsure fari kamar ƙwayar gyaɗa. “Wannan ne kaɗai ya rage a cikin na gaskiyar. Kullum sai na ga mutane sun sunkuya suna kallon ƙaryata, gabana na faɗuwa.”

Manaja ta fashe da dariya har tana riƙe tebur, sannan ta share ido. “Shekara ashirin da shida! Baba, ai ba ma kai kowa wurin. Babu otal, babu komai, hanyar masunta ce kawai.”

“To me ke wurin?”

“Ban sani ba. Ban taɓa zuwa ba.”

Inna ta murza gutsuren a tafinta. Duk tsibirin nan akwai wanda ya ba ta labarinsa, ban da wurin nan guda.

“Sau-uku, kin zo da takardar nan taki?”

“Tana jaka.”

“Juya bayanta. Ja layinki bakwai, amma kowace rana ki raba ta biyu. Safe na ido, yamma na kunne da hanci da tafin ƙafa. Dutse da kunkuru da baƙin yashi da safe. Ruwa mai zubowa da kogo da gonar ƙamshi da yamma, waɗannan ko a duhu zan same su.” Ta ɗora yatsa kan hancin dutsen. “Wannan kuma ranar farko, da sassafe, tun idon bai taɓa komai ba.”

Na rubuta har layi na uku kafin na gane abin da ta ce. Biro ya tsaya mini.

“Inna, za ki ke nan?”

“Rubuta mana, kin tsaya kina kallona. Kuma kada ki saka mini ƙarfe kaza da minti kaza.”

Mako uku bayan haka, washegarin isarmu tsibirin, wani masunci ya ɗauke mu a bayan tsohuwar motarsa tun rana ba ta fito ba. Sau biyu yana tambaya ko mun tabbata can muke son zuwa. Inda hanya ta ƙare muka sauka, na riƙe hannun Inna muka bi ta cikin dogayen ciyayi masu raɓa. Tun kafin mu fita daga ciki muke jin wani nishi mai nauyi yana tasowa ta ƙarƙashin ƙafafunmu.

Sai ciyayin suka ƙare.

Dutsen baƙi ne, ya miƙa cikin teku har ido ya gaji, tsayinsa ya fi duk wani bene da na taɓa gani. A tsakiyarsa ruwa ya huda wata ƙatuwar ƙofa, rana na fitowa daidai ta cikinta. Duk igiyar ruwan da ta shiga ƙofar sai ta fito ta wancan gefen fara fat, ta tashi sama ta watse, fararen tsuntsaye dubbai na kewaya ta suna kuka. Na tsaya cak ina kallo. Na ji ƙanƙantar kaina, na kuma ji daɗin ƙanƙantar.

Inna ta saki hannuna. Idonta a buɗe tar, ruwa na gangarowa daga ciki ba ta share ba.

“Kina gani, Inna?”

“Ina gani. Har tsuntsayen.” Ta daɗe tana juya kai a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan, don idon ba ya ɗaukar duka a lokaci guda. “Allahu akbar. Sau-uku, ashe ƙofa gare shi. Ni na toshe ta da ɗan yatsana.”

Lokacin ɗiga magani ya yi ya wuce, kwalbar na hannuna, ban tuna mata ba. Ta tsaya har rana ta fita daga ƙofar ta hau sama. Sannan ta kwance bakin zanenta, ta durƙusa, ta ajiye ɗan farin gutsuren a cikin wata tsaga ta dutsen, ta danna shi da babban yatsa yadda iska ba za ta ɗauke ba.

“Ga abinku,” ta ce. “A yafe mini, ban san haka yake ba.”