Ƙullin Tokar Tasalla

Ni na fara gani, tun kafin mai daron da kansa ya gani. Ban yi boko ba, amma shekara saba'in ina kallon tsiro, na ga fari na ga 'yan bindiga ina nan da raina, ganye biyu sun ishe ni in faɗi sunan shuka. Sai dai labarin na Malam Mati ne, abokina.

Da aka tarwatsa ƙauyenmu na yamma da Dandume, mu uku muka sami mafaka a wani gida a Funtua: ni da Mati da Jibril. Matar Mati, Tasalla, ta rasu wata biyu kafin tashin. Abin da ya fito da shi daga ɗakinta ƙullin tsumma ɗaya ne, cike da toka. A garinmu mata ke ajiye iri. Su gauraya shi da toka saboda ƙwari, su ƙulle, su soke a rufin ɗaki, kowace ta san nata ta yadda ta yi ƙullin. Tasalla na da ƙulli ya fi goma. Mati ya miƙa hannu ya zaro wanda ya fi nauyi, ya ce a ransa tumatir ne.

Tumatirin nan kuwa ba a sayar da irinsa a kasuwa. Ƙanana ne masu tsami, daga uwarta ta gada, kuma ɗakin da sauran ke ciki an ƙone shi. In na cikin ƙullin bai fito ba, ya ƙare ke nan.

Da damina ta ɗauke, wani Alhaji ya ba Mati da Jibril aron fangali a fadamar Tsiga, ya ce su reni iri su kawo dashe. Suka samo fasassun daro uku, suka cika da ƙasa da kashin awaki. Jibril ya sayo irin attarugu na leda.

"Malam Mati, kawo in duba maka," in ji Jibril. "Idon nan naka ko akuya ba ya bambantawa da tunkiya."

"Kai da ka sayi iri a hannun mai sayar da batir? Riƙe naka."

Mati ya juya musu baya, ya kwance ƙullin shi kaɗai. Bai yarda kowa ya taɓa tokar da hannunta ya taɓa ba. Yanar ido ta rage masa gani, yatsunsa kuma sun yi kanta, haka ya barbaɗa toka da abin da ke cikinta, ya rufe da busasshiyar ciyawa. Kullum da hantsi yakan tsoma tsintsiya a ruwa ya yayyafa a hankali, yana magana ƙasa-ƙasa kamar akwai mai amsa masa.

Kwana shida aka ɗage ciyawa. Tsiro ya fito fal, amma ƙafarsa ja ce, babu gashin nan na tumatir. Na gane, na bar shi da murnarsa. Mati ya shafa saman da tafin hannu yana dariya, ya ce, "Sun fi na Jibril yawa!"

Sai da ganye ya kai huɗu ya tsinki ɗaya, ya murza, ya kai hanci. Ya sake tsinkar wani. Manomi ba ya ɓata ƙamshin ganyen tumatir, kuma babu shi. Ya daɗe a tsugune.

"Jibril, me kake gani?"

Jibril ya sosa ƙeya. "Malam, kamar furen nan ne. Jan nan mai kama da zankon zakara, wanda Tasalla take shukawa a bakin randa."

Mati ya tuna. Shekara arba'in yana yi mata tsiya a kan furen, yana cewa abin da ba a miya da shi ɓarnar ruwa ne. Ashe shi ta fi tarawa, shi ya sa ƙullin ya fi nauyi.

"Tumɓuke su," in ji Jibril a hankali. "Attaruguna ya ishe mu mu biyu. Lokaci bai ƙure ba."

"Ƙullin tumatirin yana kusa da wanda na zaro," in ji Mati. "Da na matsa hannu kaɗan."

Ranar dashe aka ɗora daro biyu na Jibril a Keke Napep aka nufi Tsiga. Mati ya ce a gaya wa Alhaji ya ba wani fangalinsa. Ya ja daronsa zuwa bakin randar masu gida, ya zauna kusa da shi. Da furen ya buɗe bai iya ganinsa sosai ba, sai dai ja-ja kamar garwashi daga nesa, yakan tambayi mai wucewa ko sun yi kyau.

Wanda ke ganin na ƙara gishiri, ya zo Funtua in kai shi gidan da ƙafata. Ya tsaya gaban Mati, in ya isa, ya ce masa furen ɓarnar ruwa ne.