Igiyar da Ta Tsinke a Bayan Tsohuwa

Qu Baoshan ya fi shekara ashirin yana aiki a kan Tsohuwa. Haka ma'aikata ke kiran jirgin, domin tun da aka ɗaure ta a tsakiyar teku, kudu da Zhanjiang, ba ta ƙara zuwa ko'ina ba. Tana zuƙo ɗanyen mai daga rijiyoyin ƙarƙashin ruwa, ta tara a cikinta har jirgin dako ya zo ya kwashe. Baoshan ne mai kula da wannan lodi. Shi ke cewa a ɗaure jirgin dakon da ƙatuwar igiya a bayan Tsohuwa, shi ke cewa a miƙa masa tiyo a buɗe famfo.

Shugaban jirgin, Nie Lixun, ɗan garinsu ne. Tare suka fara da kankare tsatsa, Nie ya koma karatu ya yi sama, amma zumunci bai yanke ba. Lokacin da matar Nie ta kwanta jinya, Suzhen matar Baoshan ce ta riƙe musu 'yarsu har ta warke.

A ƙarshen damina aka sanar da guguwa na tafe. Rumbunan Tsohuwa sun kusa cika, jirgin dako ya zo a makare, teku kuma ta riga ta fara tashi. In ba a yi lodi ba dole a rufe rijiyoyi, ga ofishin kan tudu sun hana Nie sakat da waya. Baoshan ya duba ruwa ya ce a dakata. Igiyar ma ta sha jiki, ya daɗe yana roƙon a canza ta.

Nie bai kira shi ta oba-oba, rediyon hannu na jirgin, ba. Da ƙafarsa ya sauko har bayan jirgi, inda Baoshan ke tsaye da Pang Dehou, mai kula da injin naɗe igiya.

"Yaya, tsufa ne ya sa ka fara tsoron ruwa?" in ji Nie yana dariya. "Mun yi lodi a tekun da ta fi wannan hauka."

"Lokacin igiyar sabuwa ce, mu ma sababbi ne," in ji Baoshan.

"A ɗaure a fara. Ni na ce. Duk abin da ya faru, a kaina."

Pang ya ce ai shugaba ya tsaya musu, sai a yi a gama kafin mai dafa abinci ya cinye naman da kansa. Baoshan ya ƙara duban teku, sannan ya ba da umarni.

Lodi ya yi nisa sai wata ƙatuwar igiyar ruwa ta ɗaga jirgin dakon ta fizge shi baya. Igiyar ɗaurin ta tsinke da ƙara kamar harbin bindiga, guntunta ya dawo ya share bayan Tsohuwa. Famfo ya rufe kansa, man da ya zuba kaɗan ne. Amma Pang na kwance, ƙafarsa ta dama ta dagargaje daga gwiwa. Baoshan ya cire bel ɗinsa ya ɗaure masa cinya, ya rungume kan Pang yana yi masa hirar banza don kada ya suma, har jirgi mai saukar ungulu ya iso. A asibiti aka yanke ƙafar.

Da aka zauna bincike a ofishin kamfani, Nie ya yi bayani a nutse. Ya ce ya sauka ne don ganin yanayi, ya kuma gaya wa Baoshan in ya ga teku ba ta yarda ba ya dakata, tunda shi ne gwani. Bai ko kalli gefen da Baoshan yake ba. A nan Baoshan ya gane dalilin da ya hana a yi maganar ta oba-oba, inda ake naɗar kowace murya. Bai yi gardama mai yawa ba. Ya ce akwai mutum na uku a wurin, a tambaye shi.

Duk makonnin nan kullum sai ya je wurin Pang da romon kaza da Suzhen ke dafawa. Shi ke ɗaga shi zuwa banɗaki. Bai taɓa yi masa zancen bincike ba, don ya ga rashin kunya ne a tambayi mai ciwo abin da kowa ya sani zai faɗa.

Masu bincike suka je asibiti. Pang ya ce musu iska ta yi yawa ranar, ya ga bakin shugaba na motsi amma bai ji komai ba.

Labarin ya isa kunnen Baoshan, washegari ya je. Matar Pang na ganinsa ta ɗauki buta ta fita. Ya ajiye kwanon romon a kan tebur, ya tsaya.

"Dehou, kai ne fa ka amsa masa. Har ka yi zancen nama."

Pang ya juya fuska bango. Ya ce Nie ya zo, ya yi masa alkawarin kujera a sito na kan tudu, aikin zaune har ritaya. Ya ce mahaifiyarsa na gida ba ta gani, ɗansa bai gama makaranta ba.

"Kai kana da ƙafa biyu, Yaya," ya ce. "Duk inda ka je za ka ci abinci."

 Baoshan ya gyara masa bargon da ya zame, ya fita.

An ɗora wa Baoshan laifin gaba ɗaya. Aka ƙwace takardar shaidar aikinsa, aka sallame shi. Nie ya sha faɗa, bayan shekara aka ƙara masa girma. Suzhen ta so ta je har gidansa ta yi masa tas, Baoshan ya hana. Abin da ya ba shi mamaki, ba Nie ne ke hana shi sukuni ba. Nie ya daɗe da zama mutumin ofis. Pang ne ke tsaya masa a rai, in ya tuna shi yana cin abinci sai ya ture kwanon gefe.

Ya samu aiki a wurin gyaran jiragen kamun kifi na ƙanin Suzhen, yana walda da saƙa igiya. Wata ranar Asabar yana jiran bas kusa da kasuwar kifi, sai ga Pang da sandunansa, yana fama da jakar kabeji. Ya rame. Suka haɗa ido, Pang ya sunkuyar da kai. Bas ta zo, matakalarta da tsawo, mutane na turereniya. Baoshan ya karɓi jakar, ya tallafe shi ta hammata ya hau da shi, ya sa wani saurayi ya tashi ya ba shi wuri.

"Yaya, zauna mana," in ji Pang.

Baoshan ya ɗora masa jakar a cinya, ya koma bakin ƙofa ya tsaya. A tasha ta gaba ya sauka, ko da yake gida da sauran nisa, ya ƙarasa da ƙafa.